Laifin da Na Ɗora wa Keken Ɗinki

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga jikata Injiniya,

Sallama irin ta tsoho, mai tafiya a hankali. Ina fata kina lafiya, ke da aikin nan naki na hawa turakun wuta. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu ta ƙi, ta dama tana shawara. Kunnen kuwa kin san shi, shi ya sa na ɗauki biro maimakon waya, don in kin kira sai mu yi ta "me kika ce" har katinki ya ƙare.

Rabona da ke tun rasuwar kakanki, yayana, shekara huɗu ke nan. Na san za ki ce tsoho bai tuna da ke ba sai da buƙata ta taso. Ki faɗa, ba ki yi ƙarya ba.

Talabijin ɗina ne. Tun da tsohuwata ta rasu shi kaɗai ke magana a ɗakin nan. Da rana hotonsa tas. Amma yau mako uku, da magariba ta yi, daidai lokacin labarai, sai fararen layuka su cika fuskar mai karanta labarai, ga wata ƙara kamar an tsokano zuma.

Kada ki ɗauka ban san komai ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin wayar iska na gidan waya, tun uwarki ba ta yi haƙori ba. Na bi hanyar da aka koya mana. Na ɗauki ƙaramin rediyona mai batir, na kai shi tsakanin tasha da tasha inda babu mai magana, na zaga ɗaki da shi. Wajen gado shiru. Wajen taga kaɗan-kaɗan. Da na iso bangon da ke kusa da ƙofa sai ya ɗauki gurnani har na kusa yar da shi.

Bayan bangon nan ɗakin maƙwabciyata ne, mai ɗinki. Da rana tana aiki a shagon wani, da yamma ta dawo ta yi nata. A makon da abin ya fara aka ɗaura wa kekenta injin lantarki. Lokaci ya zo daidai, wuri ya zo daidai. Me ya rage?

Ba ni da komai da ita, Allah ya sani. Ita ke karɓo mini magani. Da ƙwan fitilata ya mutu kwanan baya ita ta hau kujera ta sa mini sabo, fari fat, irin na zamani. Kullum da safe kafin ta fita takan buga bangon sau uku, ni kuma in amsa da sandata, ta san na kwana da rai. Amma gaskiya gaskiya ce.

Abin da nake so, ki rubuto mini da hannunki, a matsayinki na mai takarda, cewa injin keke yana iya lalata hoton talabijin.

Kakanki

*

Asabar, 8 ga wata

Angona tsoho,

Wa alaikas salam. Lafiyata ƙalau, turaku ma suna gaishe ka. Shekara huɗu ba ko cefane, sai wasiƙa a kan talabijin! To na ji, na yafe, amma ka sani akwai masu layi.

Amsar tambayarka: e, injin keken ɗinki yana iya yin haka, musamman in ya tsufa ko gawayin da ke cikinsa ya cinye, yana tartsatsi. Na sha gani.

Amma ka duba shafi na biyu, Kaka, don nan maganar take.

In da injin ne, layukan za su riƙa zuwa suna ɗaukewa, saboda mai ɗinki ba ta taka keke a miƙe. Takan tsaya ta juya ƙyalle, ta yanke zare, ta sa wani. Ka lura: naka yana tsayawa in ta tsaya, ko kuwa yana nan daram har ka kashe?

Sannan ba ita kaɗai ke fara aiki da magariba ba. Fitilu ma a lokacin ake kunna su. A wurin aiki, in an kira mu irin wannan, cikin goma takwas a ɗakin wanda ya kawo ƙarar muke kama ɓarawon. Ka ce an sa maka sabon ƙwai. Yaushe? Kuma in ban manta ba, a bangon nan na kusa da ƙofa akwai makunnin nan mai murzawa, wanda ke rage haske ya ƙara. Na tuna shi sarai don na sha duka a kansa ina yarinya. Irin wannan makunni datsa wutar yake yi gutsi-gutsi, da sauri, don ya rage ta. Tsohon ƙwai mai zare ba ruwansa, haƙuri gare shi. Sabbin fararen nan kuwa yawancinsu ba a yi su don haka ba. In aka haɗa su biyun sai su yi ta faɗa, ƙarar faɗan ta bi waya ta shiga eriya.

Ka gwada wannan, ba sai ka taɓa waya ko ɗaya ba. Da magariba, tana cikin ɗinki, ka kunna talabijin ka bar fitila a kashe. Ka duba. Sannan ka kunna fitilar ka sake dubawa. Shi ke nan fa.

Kafin nan kada ka ce wa baiwar Allah komai. Gobe za a tura mu wani aiki a bayan gari, zan kwana biyu ban ga wasiƙa ba.

Amaryarka ta kan turke

*

Laraba, 12 ga wata

Injiniya,

Na gode, Allah ya yi miki albarka. Jiki da sauƙi, sai tarin da ba ya rabuwa da ni.

Shafinki na farko ya yi mini daidai. Na biyun na karanta na ajiye, bayani ne mai kyau ga 'yan koyo. Makunnin nan shekara tara yana wurin bai taɓa yi mini laifi ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau turken wuta ba zai hango ba.

Na fara yi wa mai ɗinkin magana da kaina, a bakin famfo. Na ce, "'Yata, injin nan naki yana shigar mini talabijin."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Ta ce, "Baba, ta ƙofa yake shiga ko ta taga? In ya sake zuwa ka riƙe mini shi."

Matan gidan suka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta yi mini zafi. Ni da na koyar da mutum arba'in aikin waya, a mai da ni abin nishaɗi a bakin famfo?

Da mai gidan haya ya zo zagayensa ran Litinin sai na ba shi shafinki na farko. Ya tsaya tsakar gida ya karanta da ƙarfi, kowa na ji, har da inda kika ce kin sha gani. Ya ce dama shi ɗakin kwana ya ba da haya, ba masana'anta ba. Ya ce mata ko ta cire injin, ko ta tashi a ƙarshen wata.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kayan 'yan makaranta na karɓa, riga ɗari da ashirin. Da ƙafa ba zan gama ba kafin a koma."

Ya ce wannan kuma ba shi ya aike ta ba.

Ba ta kalle shi ba, ni ta kalla. Ta ce, "Baba, har da takarda?" Ta shige ɗaki.

Ban so abin ya kai nan ba, na so ne a ja mata kunne kawai. Amma ai ba ƙarya na yi ba, ko? Jiya da yau ba ta buga bangon ba. Na san fushi ne, zai wuce.

Kakanki

*

Juma'a, 21 ga wata

Kaka,

Jiya na dawo na tarar da wasiƙarka ta kwana takwas tana jirana. Ina lafiya. Ban tambayi gwiwa ba don raina a ɓace yake, ka yi haƙuri.

Shafi biyu na aiko maka, ka yage ɗaya ka kai tsakar gida. Ban taɓa ganin matar nan ba, ban taɓa ganin kekenta ba, amma da rubutun hannuna za a fitar da ita daga ɗakinta. Cewa na yi injin yana iya yi. Ban ce shi ya yi ba. Wuƙa ma tana iya yanka, ba a kama duk mai wuƙa.

Ka ce makunnin shekararsa tara. Ƙwan fa, kwanansa nawa? Ka ce rediyo ya yi gurnani a bango. Me ke manne a jikin bangon ta ɓangarenka? Kai ka koya wa mutum arba'in, ni ba sai na koya maka ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Gwajin minti biyu ne, Kaka. Ka yi shi yau. Na ba direba wannan don ta iso da wuri, kai ma ta hannunsa za ka amsa.

Jikarka

*

Talata, 25 ga wata

Jikata,

Wasiƙarki ta iso. Lafiya dai ga ta nan, ban san me zan ce a kanta ba. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ba sai na yi gwajin ba. Na riga na sani, tun kafin ki rubuto.

Kwana biyu bayan wasiƙata ta ƙarshe mai ɗinkin ta kira makaniki ya kwance injin. Na gan shi da idona ya fita da shi a cikin buhu. Da magariba na kunna fitila, na kunna talabijin, na gyara zama kamar wanda ya ci yaƙi. Layukan suna nan. Ko ɗaya bai ragu ba.

Na daɗe a zaune. Sannan na tashi na kashe fitilar. Fuskar mai labarai ta fito fes, har ina ganin maɓallin rigarsa. Na kunna, layuka. Na murza makunnin zuwa rabi, abin ya haukace, murya ma ta ɓace. Na kawo rediyon na kara a jikinsa, ya yi gurnanin nan dai na ranar farko. Ashe ba bayan bango yake nuna mini ba, gaban bango ne. Da na haska da tocila sai na ga wayar eriya da ta fitila tafe suke tare, ƙusa ɗaya ta riƙe su tun daga silin har ƙasa. Ni na kafa su haka da hannuna. Da yaron aikina ne ya yi wannan a da, da na kore shi.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, kuma ban gaya wa kowa ba.

Kin san abin da nake yi? In magariba ta yi sai in bar fitila a kashe, in kalli labarai cikin duhu, hoto tas. Mai gidan haya ya leƙo ran nan ya ce, "Malam, ka ga aiki ya yi kyau ko?" Na ce, "Alhamdu lillahi." Da bakina na faɗa.

Ta bayan bango kuma ina jin keken, yanzu da ƙafa, ƙwaras-ƙwaras, ya tsaya, ya ci gaba. Kunnen da ba ya jin muryarki a waya, wannan ba abin da yake ɓace masa. Shekaranjiya na hange ta a bakin famfo ta tsoma ƙafafu a bokiti, sun kumbura. An ce ta mayar da rabin rigunan, an ba wani. An ce kuma ta ce ko da inji ko babu, ba za ta zauna inda aka karanta ta a tsakar gida ba. Kwalaye na nan jibge a ƙofarta.

Har zuciyata ta raya mini cewa ai ita ta kawo ƙwan, don haka da saura laifinta. Kin ji inda tsufa ya kai ni.

Makunnin nan saboda tsohuwata na sa shi. A shekarunta na ƙarshe idonta ba ya son haske, duhu kuma tsoro yake ba ta. Takan murza shi ta tsayar a wani wuri da ta sani. Fentin wurin ya goge da yatsanta, yana nan har yau. Ina jin shi ya sa da kika ambace shi na ƙi dubawa. Ban kawo wannan don ki tausaya mini ba, na faɗa ne don ki san ba jahilci ba ne. Da jahilci ne da ya fi sauƙi.

Ga roƙona. Ki rubuta wa mai gidan haya 'yar takarda, ki ce kin sake nazari kin ga injin ba shi da laifi. Ba sai an ambaci ɗakina ba. Ni zan canza makunnin a ɓoye, kowa ya huta. Shekarata saba'in da tara, a gidan nan Malam ake ce mini, ni ake kawo wa takardar asibiti in karanta. Ba ni da komai sai wannan.

Kakanki

*

Laraba, 26 ga wata

Kakana,

Na karanta, na yi kuka a gaban abokan aiki, suna ta tambayata wa ya rasu. Allah ya ji ƙan tsohuwa. Ka riƙa shafa man zafi a gwiwa.

Takardar kam ba zan rubuta ba. Ta farko ma da na sani. Kuma ko na rubuta, injin kawai za ta wanke. Matar nan ba inji aka ci wa mutunci ba.

Na ɓangarena mai sauƙi ne. Ba dole ka cire makunnin tsohuwa ba. Akwai ƙwai da aka yi musamman don irinsa, a jikin kwalinsa ake rubutawa, na sa guda biyu a cikin wannan ƙunshin. Ka sa mai gyaran wuta ya raba wayar eriya da ta fitila, ko da taku ɗaya ne tsakaninsu. In layukan ba su tafi duka ba, sai a sa makunni na kullum, ka ajiye wancan a akwati. Kada in ji ka hau kujera.

Sauran kuwa naka ne. A inda aka karanta, a nan ake gogewa. Saura kwana huɗu, ango.

Amaryarka

*

Alhamis, 11 ga sabon wata

Injiniya,

Sallama. Ki gafarta jinkiri, na kwanta kwana biyar, zazzaɓi ne, ya sauka. Ƙwayayen biyu sun iso ba su fashe ba.

Na ji haushinki kwana ɗaya cur. Washegari na aika aka kira mai gidan haya, na ce ya zo da magariba, akwai abin da zan nuna. Na bi ƙofa-ƙofa da sandata na kira duk wanda ya ji karatun ran nan. Ƙofar mai ɗinkin na bari ƙarshe. Na yi sallama sau uku kafin ta ɗaga labule.

Na ce, "'Yata, ina injin?"

Ta ce, "Yana ƙarƙashin gado, Baba. Ko daga can ma yana shigowa?"

Na ce ina roƙonta ta sa a ɗaura shi yau, na yini ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Wata takardar ce ta zo?" Na ce a'a, wannan karon ni ne takardar.

Da magariba ɗakina ya cika, wasu a bakin ƙofa. Rabon da mutum goma su shiga ɗakin nan tun zaman makoki. Na bar fitila a kashe, na kunna talabijin, na ɗaga murya na ce ta taka. Injin ya ɗauka, kowa na jin sa ta bango, hoto kuwa ko gezau. Na ce ta tsaya ta zo. Da ta iso bakin ƙofa, keke shiru, sai na kai hannu na murza makunnin. Layuka suka rufe fuskar mutumin.

Na juyo na fuskance su, hannuna a kan makunnin.

Na ce, "Kun gani. Ɓarawon a ɗakina yake kwana. Jikata ta gaya mini tun farko, na ɓoye shafin. Kuma yau kwana goma sha huɗu da na sani, na yi shiru, tana taka keke da kumburarriyar ƙafa."

Wannan ta ƙarshen ba wanda ya tambaye ni. Na ga dai in na bar ta a ciki ita za ta kashe ni.

Mai gidan haya ya yi ta gyaran murya, ya ce to ai shi ke nan, magana ta wuce, ta zauna da injinta. Matar mai gyaran takalma ta ce, "Oh, Malam, duk karatun nan?" Wani ya yi dariya a waje. Na ji ta sarai, kuma ban mutu ba.

Ita kuwa ta ce, "Kwana goma sha huɗu, Baba?"

Na ce, "Goma sha huɗu."

Ta ce, "Da ba ka faɗi wannan ba da na yafe tun yanzu." Ta juya ta tafi.

Rigunan da aka ba wani sun tafi, ba su dawowa. Kwalayen sun kwana shida a ƙofarta, ba ta ɗauke ba, ba ta kwance ba. Da zazzaɓi ya kayar da ni, sai ga maganina a kan taga, ban ga wanda ya ajiye ba. Ranar da na fara fitowa na same ta tana shigar da kwalayen ciki. Na ce mata ko za a koma buga bango kamar da.

Ta ce, "Ni na gama taɓa bangon nan, an ce abubuwa na bi ta cikinsa. Mai son a san yana da rai, shi ya buga."

Mai gyaran wuta ya zo ya raba wayoyin ya sa ƙwanki. Saura ɗan layi ɗaya siriri in na murza zuwa inda tsohuwa ke tsayarwa. Ya ce a cire makunnin, na ce a bar shi. A gidan nan Malam ɗin ya ragu, yanzu Baba Mai Layi yaran gidan ke ce mini, iyayensu na tsawatarwa suna dariya.

Kullum da safe ina ɗaukar sanda in buga sau uku. Ranar farko shiru, ta biyu shiru, ta uku na ji ta rufe ƙofa ta fita. Yau da na buga na zauna a bakin gado ban sa rai ba. Can sai na ji injin ya yi gurnani gajere, ya tsaya. Ya sake. Ya sake.

In kin sami hutu ki zo, ki duba mata gawayin injin nan, na ji kamar yana ɗan tartsatsi. Ni dai ba zan faɗa ba.

Kakanki